Jikin Serena Williams da bakin mutane

A ƙarshen watan Mayun 2018 Serena Williams, baƙar fatar Amurka da ta shahara a wasan tanis, ta shigo filin gasar tanis ta Roland Garros da ke birnin Faris sanye da baƙaƙen kaya masu kama jiki, tun daga kafaɗa har idon sawu, da jan ɗamara a ƙugu. Wata tara ke nan da haihuwarta. Kafin ta ajiye sandar wasa a ranar, hotunanta sun gama zaga duniya, kowa na tofa albarkacin bakinsa kan cinyoyinta da ƙugunta da ƙibar jego da ba ta gama sauka ba. A watan Agusta kuma shugaban hukumar tanis ta Faransa, Bernard Giudicelli, ya ce ba za a ƙara yarda da irin wannan shiga a gasar ba, wai dole a girmama wasan da wurin da ake yin sa.

Abin da ke ƙarƙashin kayan nan shi ne jikin matar da ta leƙa lahira ta dawo. Tun a 2011 gudan jini ya taɓa toshe mata jijiyar huhu. Ranar 1 ga Satumban 2017 aka yi mata tiyata aka ciro 'yarta ta fari, washegari numfashinta ya fara sarƙewa. Da bakinta ta faɗa wa ma'aikaciyar jinya cewa a yi mata hoton huhu, a sa mata maganin tsinka jini, don ta san ciwonta, amma ba a saurare ta nan take ba. Da aka yi hoton sai ga gudajen jinin. Tari ya ɓalle mata ɗinkin tiyatar, aka sake shiga da ita, ta yi sati shida tana kwance. Ita da kanta ta ce kayan da suka tayar da ƙurar suna matse ƙafa ne don jini ya riƙa gudana.

Na san akwai mai karatun da zai ce, ai maganar sutura ce, kuma mu mutane ne masu kunya. To, a raba zancen gida biyu. Tufafi abu ne da mutum ke zaɓa, ana iya yi masa gyara a kai. Faɗin kafaɗa da kaurin cinya da launin fata da tsawo kuwa ba a kasuwa ake sayo su ba. Ko a batun suturar ma, kayan nan sun fi guntun siket ɗin da aka saba gani a filin tanis rufe jiki nesa ba kusa ba. Abin da ya tsone wa mutane ido shi ne surar da ke cikin kayan, kuma sun daɗe suna faɗin haka ba tare da ɓoye-ɓoye ba.

A watan Oktoban 2014 shugaban hukumar tanis ta Rasha, Shamil Tarpischev, ya zauna a gidan talabijin ya kira Serena da yayarta Venus da sunan 'yan'uwa maza, ya ƙara da cewa kallonsu na ba da tsoro. Hukumar tanis ta mata ta duniya ta ci shi tarar dala 25,000, ta dakatar da shi shekara guda. A Yulin 2015, daidai lokacin da Serena ke shirin cin kofin Wimbledon karo na shida, jaridar New York Times ta buga rahoto kan yadda 'yan wasa mata ke gudun tara ƙwanji, inda mai horar da 'yar wasan tanis ta Poland, Agnieszka Radwanska, ya ce da gangan suke barin ta ƙarama, saboda ita mace ce kuma tana son ta ci gaba da zama mace. Kowa ya gane da wa ake. A Satumban 2018 wata jaridar Ostireliya, Herald Sun, ta zana ta da manyan leɓɓa da ƙaton jiki tana tsalle kan sandar wasanta, zanen da ya tuna wa baƙar fatar Amurka yadda ake zana kakanninsu a zamanin wariya. Majalisar kula da jaridun ƙasar ta duba ƙorafin a 2019 ta ce zanen bai saɓa ƙa'ida ba.

Matar da ake yi wa duk wannan ta ci manyan kofunan tanis 23 ita kaɗai, na ƙarshen a Ostireliya a Janairun 2017 tana ɗauke da ƙaramin ciki. Da damatsan da ake zagi ta ci su.

Wannan kallon yana da saiwa mai tsawo. A 1810 aka ɗauko wata mata 'yar ƙabilar Khoikhoi daga Afirka ta Kudu, Sarah Baartman, aka kai ta Landan ana karɓar kuɗi a hannun jama'a don su kalli mazaunanta. Daga nan aka wuce da ita Faris, ta mutu a ƙarshen 1815. Mutuwar ma ba ta sa an ƙyale ta ba. Masanin nan Georges Cuvier ya feɗe gawarta, aka ajiye ƙwarangwal ɗinta da siffar jikinta a gidan tarihi mutane na kallo har cikin shekarun 1970. Sai a 2002 Faransa ta mayar da ita gida aka binne, bayan roƙon da Nelson Mandela ya fara tun yana shugaban ƙasa. Duk wanda ya san wannan tarihi ba zai ɗauki zanen Herald Sun a matsayin raha ba. Shekara ɗari biyu ana koya wa ido cewa jikin baƙar mace abin nuni ne da yatsa, har ido ya saba.

Amma tarihi kaɗai ba zai riƙe al'ada tsawon wannan lokaci ba sai da kuɗi a ciki. Ku dubi Maria Sharapova, doguwa, siririya, fara, 'yar Rasha. Sau 22 suka kara da Serena, Serena ta ci 20. Duk da haka, a lissafin mujallar Forbes, Sharapova ta yi shekara 11 a jere tana kan gaba a matsayin 'yar wasan da ta fi kowace mace samun kuɗi a duniya, sai a 2016 Serena ta sha gabanta. Bambancin daga kwangilar talla ya fito. Ba laifin Sharapova ba ne, ita ma da guminta ta ci kofunanta biyar. Amma kamfanonin agogo da mota da turare sun nuna wa kowace yarinya mai kallo irin surar da suke biya da tsada.

Ga yadda sana'ar ke tafiya. Mujalla na buƙatar a saye ta, mai talla na buƙatar mai karatu ya ji akwai abin da ya rasa. Macen da ta gamsu da fatarta ba ta sayen man canza launi, wadda ta gamsu da cikinta ba ta sayen shayin rage tumbi. Don haka ake ɗora fitacciya a bango, a gyara hoton da kwamfuta har ya zama surar da ita kanta mai hoton ba ta da ita. A 2003 mujallar GQ ta Ingila ta sa 'yar fim Kate Winslet a bangonta, ta fito ta ce an rage mata kaurin ƙafafu da kusan kashi ɗaya cikin uku, kuma ita ba haka take ba, ba ta ma son ta zama haka. A 2017 mujallar Grazia ta goge wa Lupita Nyong'o, 'yar fim 'yar Kenya, tulin gashinta na baya, ta lailaye sauran, har sai da ta yi magana aka ba ta haƙuri. Sa'an nan, a wani shafin na irin waɗannan mujallu, sai a kawo hoton wata fitacciyar da aka ɗauka a ɓoye a bakin teku, a zagaye tumbinta da jan layi. Hoton farko ya ɗaga ma'auni inda ba mai kai wa, na biyu ya nuna hukuncin wadda ta gaza. Duka biyun kaya ɗaya suke sayarwa.

Wasu ƙasashe sun fara sa hannu. Tun 1 ga Oktoban 2017 doka a Faransa ta wajabta rubuta cewa an gyara hoto a jikin duk tallan da aka rage ko aka ƙara wa mai tallar jiki, tarar kuma ta kai yuro 37,500. Norwe ta bi sahu a 2022. Mataki ne mai kyau, sai dai ya zo a lokacin da kayan gyaran hoton suka bar ofishin mujalla suka koma aljihun kowa.

Wayar hannu ta sauya lissafin gaba ɗaya. A da edita ne ke zaɓar wadda za a wulaƙanta a sati. Yanzu kowa edita ne, kuma manhajojin sada zumunta an gina su ne su ɗaga duk abin da ya fi jawo cece-kuce. Hoton da aka yi wa sharhi dubu goma na zagi ya fi wanda aka wuce shi shiru daraja a wurin na'urar, don ita ba ta bambance yabo da ashar, yawan motsi take ƙirgawa. A 2021 wata tsohuwar ma'aikaciyar Facebook, Frances Haugen, ta fitar da takardun cikin gida na kamfanin. A ciki akwai binciken da su da kansu suka yi, wanda ya nuna kashi 32 cikin ɗari na 'yan mata matasa da aka tambaya sun ce idan suna jin ba daɗi game da jikinsu, Instagram na ƙara musu. Sun sani, kuma ba su faɗa wa iyaye ba.

Akwai wani bincike da nake yawan tunawa, saboda mutanen cikinsa sun yi kama da mu. A tsibirin Fiji al'ada ta daɗe tana son cikar jiki. Ciyar da baƙo har ya ƙoshi mutunci ne, rama kuwa alama ce ta ciwo ko rashin kulawar dangi. A 1995 talabijin ya isa yankin Nadroga, da shirye-shiryen Amurka da Ingila da Ostireliya. Wata likitar ƙwaƙwalwa daga jami'ar Harvard, Anne Becker, ta tambayi 'yan matan sakandare a wannan shekarar, ba ta samu ko ɗaya da ke ƙaƙaro amai don rage jiki ba. Da aka koma a 1998, kashi 11 cikin ɗari sun ce suna yi, kusan kashi uku cikin huɗu kuma sun ce sukan ji sun yi ƙiba da yawa. 'Yan matan da aka tambaya ba su da yawa, sittin da 'yan kai ne a kowane zagaye, amma shekara uku kacal aka ɗauka. Yarinyar Fiji ba ta taɓa haɗuwa da waɗanda take gani a akwatin ba, ba wanda ya zage ta daga can. Kallo kawai ta yi. Shi ya sa nake ganin idan an tsaya ana tattauna ko fitacciya ta ji zafin zagi ko kuɗinta sun isa su share mata hawaye, an bar jaki ana dukan taiki. Duk sharhin da aka rubuta ƙarƙashin hoton Serena, 'yan mata dubbai masu irin kafaɗarta ne ke karantawa.

Maza ma ba su tsira ba, kuma misalinsu ne ya fi tsaya mini a rai. A watan Afrilun 2020 Chadwick Boseman, jarumin da ya fito a fim ɗin Black Panther, ya sa bidiyo yana magana kan tallafin kayan kariya ga asibitoci a lokacin korona. Ya rame ƙwarai. Wasu sun nuna damuwa, wasu kuwa suka shiga yi masa ba'a, har da masu cewa ƙwaya yake sha. Ranar 28 ga Agustan shekarar ya rasu yana da shekara 43. Sai a sanarwar rasuwar duniya ta ji cewa tun 2016 yake fama da kansar hanji, yana zuwa tiyata da shan magani tsakanin fim da fim. Waɗanda suka yi dariya a Afrilu ba su samu damar neman yafiyarsa ba.

A wajenmu ma'aunin ya juya baya ne, amma sandar dukan ɗaya ce. Siririyar mace ita ce sillan kara, ita ce kamar a hure ta faɗi. Amarya ta yi wata uku ba ta ciko ba, sai a fara tambayar ko mijin ba ya ajiye abinci. Ta haihu biyu ta buɗe, sai a ce ta saki jiki ta zama ɓuleliya, kada ta yi kuka in an yi mata kishiya. 'Yan fim ɗinmu mata kuwa, duk wanda ke leƙa shafukansu ya san abin da ake rubuta musu: wannan ta tsufa, waccan ta yi baƙi, waccan kuma bilicin ne. A zage ki kin yi duhu, a zage ki kin yi haske.

Na ga abin da ido a gidanmu. Wata 'yar yayata, tana aji biyar na sakandare, mun je biki da ita. A tsakar gida, gaban mata sun fi ashirin, wata gwaggo ta kama tsintsiyar hannunta ta zagaye da yatsu biyu, ta ɗaga sama ta ce, "Ke kam wa zai kwashi ƙashi? Ki riƙa cin abinci mana, 'yar nan." Aka yi dariya, ita ma ta yi murmushi. Bayan wata biyu fuskarta ta yi suntum, kumatu sun cika, ana ta cewa ta yi kyau. Uwarta ce ta tsinci ƙullin leda a ƙasan jakar makarantarta, da ƙananan ƙwayoyin nan da ake kira sha-ka-fashe, wata ƙawarta ke sayo mata a kemis. Likitan da muka kai ta wurinsa ya ce dexamethasone ne, maganin da ake ba masu asma da kumburi na ɗan lokaci. Cikar da muke gani kumburi ne da tarin kitse a fuska, kuma yana iya jawo ciwon suga da hawan jini da raunin ƙashi. Ya ce ko dainawa ba a yi lokaci guda, sai a hankali, don jiki ya riga ya dogara da shi. Gwaggon nan ba muguwa ba ce, tana son yarinyar. Ta faɗi abin da aka faɗa mata ne tana budurwa.

Na fata kuwa ya fi wannan yaɗuwa. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya da ake yawan ambata sun ce kashi 77 cikin ɗari na matan Najeriya na amfani da mayukan ƙara haske, kuma a 2023 hukumar NAFDAC ta ayyana lamarin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa.

To ina maganin? Amsar da kafafen watsa labarai suka fi so ita ce mutum ya karɓi kansa yadda Allah ya yi shi. Magana ce mai kyau, kuma ta yi wa wasu aiki. A Fabrairun 2014, kwanaki kaɗan kafin ta ci kyautar Oscar, Lupita Nyong'o ta tsaya gaban taron mujallar Essence ta karanta wasiƙar wata yarinya da ta ce tana dab da sayen man bilicin sai ta ga Lupita ta fasa. Lupita ta ce ita ma tana ƙarama a Kenya takan roƙi Allah da dare ta farka ta ga ta yi haske, da safe ta duba madubi ta ga tana nan yadda take. Ganin Alek Wek, mai tallan kayan sawa 'yar Sudan ta Kudu mai baƙi wuluk, a bangon mujallu ne ya fara kwance mata wannan ƙulli. Ido ɗin da ya koyi raini da kallo, da kallo yake warkewa.

Sai dai kasuwa ba ta barin abu mai farin jini ya wuce ta. A 2004 kamfanin sabulun Dove ya fara tallan da ke nuna mata masu jiki iri-iri, yana cewa kowace kyakkyawa ce. Uwar kamfanin, Unilever, a daidai lokacin tana sayar da man ƙara haske na Fair & Lovely a Indiya da wasu ƙasashe, sai a 2020 aka canza masa suna zuwa Glow & Lovely. Hannun dama na cewa ki so kanki, na hagu na miƙo miki abin goge fatarki, kuɗin kuma aljihu ɗaya suke shiga.

Akwai wata illar da ta fi wannan ɓoyuwa. Da zarar an naɗa wa mace rawanin jarumar son kai da kai, jikinta ya sake zama mallakin jama'a ta wata ƙofar. A watan Agustan 2025 Serena ta bayyana cewa tana amfani da allurar rage ƙiba, irin wadda ake kira GLP-1, kuma ta sauke kusan kilo 14. Ta ce tun bayan haihuwarta ta biyu a 2023 duk horon da take yi jikin ya ƙi komawa, gaɓoɓinta na ciwo. Nan take waɗanda suka yi shekaru suna kare ta suka ce ta ci amanarsu. Haka aka yi wa Oprah Winfrey, mai gabatar da shirin talabijin a Amurka, wadda a 1988 ta jawo ƙaramin keke ɗauke da kitse kusan kilo 30 zuwa dandalin shirinta don nuna abin da ta sauke, sa'an nan a ƙarshen 2023 ta ce ta koma shan magani, bayan shekara 25 tana zama abin dariyar jaridu.

A nan ina da ra'ayi biyu, kuma ba na jin suna karo da juna. Abin da Serena ta yi da jikinta tsakaninta da likitanta ne, ba ta ci bashin kowa da kaurin cinyarta ba. Amma sanarwar tata talla ce ga kamfanin Ro mai sayar da allurar, wanda mijinta Alexis Ohanian ke da hannun jari a ciki kuma yake zaune a hukumar gudanarwarsa. Wannan ɓangaren ya halatta a tuhume shi, da kakkausar murya ma, domin talla ce da za ta isa wayar yarinyar da ba ta da likita. A tuhumi cinikin, a bar jikin. Mafi yawan masu sharhi sun yi akasin haka.

Abin da ya fi damuna da kiran a karɓi kai shi ne inda yake ajiye nauyin. Wadda aka zaga ita ake ba aikin gida: ki yi haƙuri, ki ƙarfafa zuciya, ki toshe kunne. Mai zagin ba a ce masa komai. Tarbiyyar da muka taso a kai ba haka ta tsara abin ba. Lokacin da iska ta buɗe ƙwaurin Abdullahi ɗan Mas'ud yana kan bishiya, sahabbai suka yi dariyar sirantarsu, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai ce masa ya daure ba. Masu dariyar ya fuskanta, ya ce ƙafafun nan sun fi dutsen Uhudu nauyi a mizani. Da Nana A'isha ta yi nuni da gajartar Nana Safiyya, ya ce mata ta faɗi kalmar da in an cuɗa ta da ruwan teku za ta gurɓata shi. Mun haddace waɗannan tun muna Islamiyya, amma da wuya mu tuna su idan babban yatsa na kan waya.

A Satumban 2017, jaririyarta ko sati uku ba ta cika ba, ita kuma tana kwance da ɗinki, Serena ta rubuta wa mahaifiyarta Oracene buɗaɗɗiyar wasiƙa. Ta ce an kira ta namiji saboda ƙarfinta, an ce ƙwayoyi take sha, an ce ba ta dace da wasan mata ba, tun tana 'yar shekara 15 take jin haka. Ta tambayi uwar yadda ta iya danne zuciyarta duk tsawon shekarun nan ba ta far wa masu faɗin hakan ba. Dalilin rubuta wasiƙar shi ne ta zauna tana kallon jaririyar, sai ta lura damatsanta da ƙafafunta irin nata ne sak, ta ce ba ta san yadda za ta yi ba idan aka fara faɗa wa yarinyar abin da aka faɗa mata.